Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Antoni Janar Na Jihar Sakkwato: A San Tarihin Ɗan Sanda Kafin Ya Yi Rantsuwa

Zuwa ga Mai Girma Antoni Janar kuma Kwamishinan Shari'a na Jihar Sakkwato, tare da Kwamishinan 'Yan Sandan Jiha.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, buƙata ɗaya ce ta sa na rubuto. Ina roƙon a kafa ƙa'ida a jihar nan cewa duk ɗan sandan da zai tsaya gaban alƙali ya ba da shaida a shari'ar laifi, sai lauyan gwamnatin da zai kira shi ya san tarihinsa tukuna. Ya san ko wata kotu ta taɓa kama shi da ƙarya, ko an taɓa tabbatar da ya azabtar da wanda ke hannunsa, ko rundunarsa ta taɓa hukunta shi kan cin hanci ko taɓa kayan shaida. Idan abin da aka samu ya shafi shari'ar da ake ciki, a sanar da wanda ake tuhuma da lauyansa. Na haɗa da Yallaɓai Kwamishinan 'Yan Sanda domin rabin takardun da nake magana a kai suna hannunsa.

Ni tsohon magatakardan kotu ne, kuma abin da magatakarda ya fi kowa sani shi ne inda takarda ke kwana bayan alƙali ya tashi.

Ga yadda abin ke tafiya. A kawo mutum da tuhumar fashi da makami. Ba wanda ya gan shi a wurin, ba a kama shi da bindiga ba, mai ƙorafin ma ya gaji da kuɗin mota ya koma gonarsa. Abin da ya rage a fayil takarda ce guda da aka rubuta da Turanci, an ce iƙirarinsa ne, ga dangwalen yatsansa a ƙasa. Mai gabatar da ita shi ne ɗan sandan da ya yi binciken, wanda ake kira IPO. Shi ya yi tambaya da Hausa, shi ya rubuta da Turanci, sau da yawa kuma shi ne tafintan kansa. Sai wanda ake tuhuma ya miƙe ya ce, "Buguna anka yi, anka ce in dangwala, ban san abin da ac ciki ba." Daga nan dole a tsaya a yi abin da lauyoyi ke kira shari'a cikin shari'a, domin sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana kotu karɓar irin wannan iƙirari sai masu ƙara sun tabbatar, ba tare da sauran kokwanto ba, cewa ba da zalunci aka samo shi ba.

Wani lokaci alƙali ya gaskata ɗan sandan, kuma da gaskiyarsa, don akwai masu laifin da ke fakewa da zancen duka. Wani lokaci kuma alƙali ya duba tabon da ke jikin mutum, ya lura kwanan watan da ke kan takarda bai dace da ranar kamu ba, ya ga jami'in ya faɗi magana da safe ya warware ta da rana, sai ya rubuta da hannunsa cewa bai yarda da shaidar wannan jami'i ba, kuma iƙirarin tilas ne. Wannan hukuncin kotu ne, ba jita-jita ba. To ina yake zuwa? Fayil ake sa shi, a ɗaure da igiya, a kai sito. Babu wata ƙa'ida da ta taɓa umartata in aika kwafinsa ga Daraktan Gabatar da Ƙararraki, ko ga Kwamishinan 'Yan Sanda, ko ga hukumar da ke ladabtar da su a Abuja. Mako mai zuwa jami'in nan zai shiga kotun da ke maƙwabtaka, ya yi rantsuwa, ya miƙa wani iƙirarin na wani mutum. Lauyan gwamnatin da ya kira shi bai sani ba. Alƙalin bai sani ba. Wanda ake tuhuma, da ƙyar ya samu lauyan agaji, shi ma bai sani ba. Waɗanda suka sani su ne magatakarda da masinja da direban motar gidan yari, ba mai tambayarsu, kuma raɗarsu ba hujja ba ce a gaban kowa.

A karar Achida ko ta Illela, dillalin da aka taɓa kamawa ya tsaya wa saniyar sata, duk kara ta san shi, kuma ba mai sake biyan kuɗi a kan maganarsa sai wani ya tabbatar. A kan kuɗin dabba ke nan. Mu kuwa wuyan mutum ne a gabanmu, tun da hukuncin fashi da makami a dokar ƙasar nan kisa ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne a Sakkwato ake wannan. Wane gari ne ya fi mu sanin cewa ana bincika mai shaida kafin a saurari shaidarsa? Almajirin da ya zauna gaban malami a zaure ya karanta babin shaida ya san tazkiya, wato tabbatar da adalcin mai shaida, ya san tajrihi, wato sukar adalcinsa. Ya san alƙali ba ya gina hukunci kan wanda bai san adalcinsa ba, sai an samu masu tsarkake shi, waɗanda suka zauna da shi suka yi mu'amala da shi. Malamanmu sun ambaci tazkiya ta ɓoye, inda alƙali ke da amintaccensa mai bincika masa halin shaidu, da ta bayyane da ake yi a gaban jama'a. Allah Ya ce a cikin Suratul Hujurat, aya ta 6, idan fasiƙi ya zo muku da labari ku nemi tabbaci, kada ku cuci wasu mutane cikin rashin sani ku wayi gari kuna nadama. A Suratuɗ Ɗalaƙ kuma Ya ce a kafa shaidu biyu adalai daga cikinmu. A wasiƙar da Sayyidina Umar ya aika wa Abu Musa al-Ash'ari kan alƙalanci, ya ce Musulmi adalai ne a shaidar junansu, sannan ya cire wasu, cikinsu har da wanda aka taɓa jarrabawa aka same shi da shaidar zur. A lura da wannan togaciya. Tana nufin akwai wanda ke riƙe da labarin, akwai inda ake tunawa. Da ana binne labarin shaidar zur ranar da aka gano ta, da babu ma'anar cire mai ita.

Sai kuma i'izari, wanda duk alƙalin kotun shari'a a jihar nan yake yi kafin ya yanke hukunci. Ya juya ga wanda aka yi shaida a kansa ya ce, kana da wata suka ga shaidun nan? Kana da sauran hujja? In ya ce yana da ita, a ba shi lokaci ya kawo. Kotunan ɗaukaka ƙara sun sha rushe hukunci don kawai an tsallake wannan mataki. To, ranka ya daɗe, mene ne amfanin a tambayi talaka daga Gudu ko Kebbe ko yana da suka ga ɗan sanda, alhali sukar tana kulle a akwatin gwamnatin da ke tuhumarsa? An ba shi damar a baki, an hana shi abin da zai yi amfani da ita.

Dokar da muka gada ta Turanci ma haka take. Sashe na 223 na Dokar Shaida ya yarda a titsiye mai shaida da tambayoyin da za su gwada gaskiyarsa har su girgiza amincinsa. Amma dokar nan dai ta hana lauya jefa wa shaida zargi sai yana da dalilin da zai sa ya yi zaton gaskiya ne. Wannan daidai ne, don kada kotu ta zama wurin cin mutunci. Sai dai sakamakonsa shi ne lauyan da ba a gaya wa komai ba dole ya yi shiru. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce a ba wanda ake tuhuma isasshen lokaci da abubuwan da zai shirya kariyarsa da su. Ƙa'idojin aikin lauya kuma sun faɗa ƙarara cewa aikin mai gabatar da ƙara shi ne ya ga an yi adalci, ba lallai sai an ɗaure mutum ba, kuma wajibi ne ya bayyana wa ɗaya ɓangaren duk hujjar da ya sani mai rage zargi. "Da ya sani" ɗin nan shi ne ramin. Muddin tsarin ya bar lauyan gwamnati cikin duhu, ya fita daga laifi a takarda, amma ofishin da kake shugabanta bai fita ba.

Wasu ƙasashe sun faɗa wannan ramin kafin mu, kuma da tsada suka fito. A Amurka, a shekarar 1963, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar wani mai suna Brady da jihar Maryland. An yanke masa hukuncin kisa alhali masu ƙara na riƙe da takardar da abokin laifinsa ya amsa cewa shi ya yi kisan da hannunsa, ba su nuna ba. Kotu ta ce ɓoye hujjar da za ta amfani wanda ake tuhuma tauye haƙƙi ne, ko da gangan ko ba da gangan ba. A 1972, a shari'ar Giglio, aka faɗaɗa maganar ta haɗa da abin da ya shafi amincin mai shaida. A can wani lauyan gwamnati ne ya yi wa babban shaida alkawarin ba za a tuhume shi ba, lauyan da ya tsaya a kotu kuma bai san da alkawarin ba. Kotu ta ce rashin saninsa ba uzuri ba ne, ofishin guda ne, kuma nauyinsa ne ya tsara yadda labari zai kai ga kowane lauya. A 1995, a shari'ar Kyles, ta ƙara da cewa wajibi ne mai gabatar da ƙara ya nemo abin da 'yan sanda suka sani, ba ya zauna jiran a kawo masa ba. Daga nan ofisoshin masu ƙara da yawa a can suka fara ajiye jerin jami'an da ke da tabo a amincinsu.

Ingila, wadda daga gare ta muka ɗauko tsarin kotunanmu, sai da ta sha kunya tukuna. A 1989 aka rushe wata rundunar binciken manyan laifuka ta yankin West Midlands saboda zargin ƙirƙirar iƙirari, aka yi ta soke hukunce-hukuncen da aka gina kan shaidar jami'anta. A 1991 aka saki mutum 6 da aka ɗaure tun 1975 kan harin bam na Birmingham, bayan ya bayyana cewa an sassauya takardun tambayoyin da aka yi musu. Yau a can akwai fom na musamman, MG6B, da ake cikewa a sanar da masu gabatar da ƙara idan jami'in da ke cikin shari'a yana da hukuncin laifi ko na ladabtarwa a kansa. Fom ne kawai, shafi ne na takarda. Shekara 16 na rayuwar mutum 6 na cikin kuɗin da aka biya kafin a gane amfaninsa.

Yanzu bari in juya gare ka, Yallaɓai Kwamishina, domin na san abin da za a ce a bariki. Za a ce yaranmu na mutuwa a hanyar Sabon Birni da Isa da Goronyo, suna kwana a daji da albashin da bai kai ƙarshen wata, sai kuma a zo a ba lauyan ɗan bindiga sandar dukansu. Wannan magana tana da nauyi, kuma duk wanda ya taɓa zuwa ta'aziyya gidan ɗan sandan da aka kashe a bakin aiki ba zai raina ta ba. Za a kuma ce takardar ƙorafi ba ta da tsada a ƙasar nan, duk wanda aka kama ɗan'uwansa zai iya rubuta ta, kuma jami'in da ya fi ƙwazo shi ya fi tara maƙiya. Wannan ma gaskiya ne.

Shi ya sa ban ce a tattara kowane ƙorafi ba. Abin da aka tabbatar nake nufi: hukuncin kotu da ya ce jami'i ya yi ƙarya ko ya tilasta iƙirari, hukuncin laifi a kansa, sakamakon zaman ladabtarwa na odali rum ga ƙananan jami'ai, da hukuncin Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda ga manya. Kuma ba kowane laifin aiki ba. Wanda aka hukunta don ya makara fareti ko ya yi sakaci da kaki, wannan tsakaninsa da shugabanninsa ne. Abin da ya shafi kotu shi ne ƙarya, da azabtarwa, da karɓar kuɗi don a juya bincike ko a sayar da belin da doka ta ce kyauta ne, da ɓatan kayan shaida a hannun mutum. Idan kuma jami'i yana fuskantar tuhuma a kotu a kan ɗaya daga cikin waɗannan ba a gama ba, a gaya wa lauyan gwamnati yadda take, ya auna.

A kuma yi wa jami'in nasa i'izarin. A Amurka an koka cewa a wasu wurare ana sa sunan ɗan sanda a jerin ba tare da an saurare shi ba, aikinsa ya lalace, babu inda zai kai kuka. Kada mu kwaikwayi wannan. A sanar da shi a rubuce, a ba shi lokaci ya ba da amsa, a ajiye amsar tare da bayanin. In kotun sama ta wanke shi, a goge sunansa nan take. Rajistar da za a riƙa ajiye sunayen kuma ta zauna a ofishin Daraktan Gabatar da Ƙararraki a hannun mutum ƙalilan, ba abin yawo a Facebook ba, musamman da yake akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023. Shiga rajista ba ya nufin an haramta wa jami'i ba da shaida har abada. Yana nufin lauyan gwamnati zai nemi wata hujja da za ta ƙarfafa maganarsa, ko ya kira wani jami'in da ya halarci binciken, ko ya bayyana wa kotu ya bar alƙali ya auna.

Wanda zai fi cin ribar wannan tsari shi ne ɗan sanda mai gaskiya, kuma na ga irinsu da yawa, masu zuwa kotu da kuɗin aljihunsu don kada shari'a ta mutu. A yau idan ya tsaya ba da shaida, zargin da jama'a ke yi wa wasu yana kansa, tun da ba wanda ke iya bambancewa. Ranar da aka san cewa mai tabo ana sanar da tabonsa, shirun da aka yi a kan mai gaskiya ya zama tazkiyarsa. Ku tuna kuma da waɗanda aka yi wa laifin. Matar da aka kashe wa miji a Rabah ko Wurno ba ta amfana da komai idan aka ɗaure wanda bai yi ba, domin mai laifin yana nan a daji. Ba ta kuma amfana idan aka kama na gaskiyar, aka gina shari'ar kan iƙirari guda daga hannun jami'i mai tabo, bayan shekaru Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke nan Sakkwato ta rushe hukuncin. Lauyan da ya san raunin shaidarsa tun ranar da 'yan sanda suka kawo fayil neman shawararsa zai mayar da shi a ƙaro bincike tun sawun bai bushe ba.

Na san za a ce 'yan sanda na tarayya ne, jiha ba ta da iko da fayilolinsu. Haka ne, sashe na 214 na Kundin Tsarin Mulki runduna ɗaya ya kafa wa ƙasa. Amma sashe na 211 ya ba ka, Mai Girma Antoni Janar, ikon shigar da ƙara, da karɓe wadda wani ya shigar, da dakatar da ita, a kan laifukan dokokin jiha. Wanda ke da wannan iko yana da ikon cewa ga abin da zai gani a fayil kafin ya sa hannu. Rabin maganar ma ba ta buƙatar izinin Abuja ko kaɗan, domin hukunce-hukuncen kotunan jiha namu ne. Idan ka zauna da Babban Jojin Jiha da Alƙalin Alƙalai, umarni guda ya isa: duk kotun da ta ƙi iƙirari saboda tilas, ko ta rubuta cewa jami'i ya yi ƙarya, magatakarda ya aika kwafi ga ma'aikatarka da ofishin Kwamishina cikin mako biyu. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25, don haka irin wannan hukunci bai kamata ya wuce ba wanda ya duba shi ba.

Wurin da ya fi buƙatar kulawa shi ne kotunan majistare da na shari'a, inda mafi yawan talakawa ke gamuwa da hukuma. A can mai gabatar da ƙarar shi kansa ɗan sanda ne, wataƙila bariki ɗaya suke kwana da mai binciken, wataƙila ma mai binciken na gaba da shi a muƙami. Ba adalci ba ne a ɗora masa shi kaɗai nauyin tona abokin aikinsa. A sa shi a takarda: kowane fayil ya zo da shafin da DPO ko shugaban sashen bincike ya sa wa hannu, cewa jami'an da za a kira ba su da komai, ko ga abin da suke da shi. Wanda ya sa hannu a kan ƙarya ya san shi ma ya shiga rajista.

Akwai kuma maganar canjin wurin aiki. Jami'i zai bar tabo a nan a mayar da shi wata jiha, wani ya zo mana daga can da nasa, kowa ya fara da farar takarda. Hedikwatar 'yan sanda ta shiyya ta 10 tana nan cikin garin Sakkwato, don haka aƙalla tsakaninmu da maƙwabtan da muke shiyya ɗaya ana iya musayar bayanin ba tare da wahala ba. Haka nan muna jin sanarwa a rediyo cewa Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda ta kori wasu, ta rage wa wasu muƙami. Duk ranar da aka yi irin wannan sanarwa, ya kamata wani a ma'aikatarka ya ɗauki sunayen ya duba ko akwai wanda ke tsare a gidan gyaran hali yana jiran shari'ar da ta rataya kan maganar ɗaya daga cikinsu.

Idan yin komai a lokaci guda ya yi yawa, a fara da shari'o'in da hukuncinsu kisa ne, wato fashi da makami da kisan kai, domin su ne kuskurensu ba ya gyaruwa. Jihar nan ta yi sabuwar dokar gudanar da shari'ar laifuka a 2019, kuma wannan ƙa'ida za ta zauna a gefenta ba tare da an koma majalisa ba tukuna. Reshen ƙungiyar lauyoyi na Sakkwato da malaman tsangayar shari'a ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo za su iya taimakawa wajen tsara fom ɗin da kuma zaƙulo tsofaffin hukunce-hukunce daga sito. Tsofaffin magatakarda irina mun san shiryayyen da suke kai, kuma in an kira mu za mu zo.

Ina roƙon amsar ta fito a rubuce kuma a fili, ko amincewa ce ko akasinta tare da dalili, domin lauyoyin agaji da iyalan waɗanda ke tsare su san abin da za su iya nema a gaban alƙali.

Allah Ya taimake ku a kan amanar da ke wuyanku. Wassalam.

Naku,
Tsohon magatakardan kotu,
Sakkwato.